Fatar Baba Altine da Murfin Taimin

Kai, kai, ku tsaya! Wa ya ɗaure murfin nan? To a kwance shi. E, duk notunan, a bar su sako-sako yadda yatsa zai iya juya su. Ga fuli can kan buhu ko ɗauko shi ba ku yi ba, amma kun riga kun ɗaure murfin taimin na gaban inji tamau. Ku samarin yanzu da kun ga noti sai tafin hannunku ya kama ƙaiƙayi. Kuna cewa ai sil ne kawai, ɗan zoben roba, a cire tsoho a buga sabo, mi ya yi wahala? Ku jawo benci ku zauna, mai motar ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Wanga ɗan zobe da kuke rainawa ya taɓa ba mu kashi, ni da maigidana, kuma wanda ya sha wuyar abin ba ɗayanmu ba ne.

Daga Dundaye na zo birni ina saurayi, ban san komai ba sai fartanya. Baffana ya damƙa ni a hannun Malam Jabbi, bakanike, wanda ya koyo aikin mota a soja lokacin babban yaƙi. Garejinsa gindin wani durumi yake, waje da Ƙofar Marke. Gareji dai suna ne. Inuwa ce, da rami guda da muke shiga mu duba cikin mota, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. A akwatin akwai sifanu goma sha wani abu, kowanne Maigida ya san shi kamar ɗan cikinsa, da guduma biyu, da filaya, da wani jak wanda sai an yi masa magiya yake tashi. Motocin Sakkwato a lokacin ba su da yawa, kana zaune za ka ji kukan inji daga nesa ka faɗi mai ita. Shekara biyu na yi ina wanke notuna da kananzir kafin a bar ni in ɗaure guda.

Maigida mutum ne mai ƙa'ida, babbar ƙa'idarsa kuwa dama. Da dama za ka miƙa masa sifana. In ana canjin taya, ta dama za a fara. In murfi ne mai notuna da yawa, sai ka yi bisimilla ka kama na hannun dama, ka ɗaure shi iyakar ƙarfinka, sannan ka zagaya sauran. Yakan ce, “Abin da anka hwara da dama ba shi taɓewa.” Mu kuwa haka munka tashi a gidajenmu, ci da dama, sa takalmi da dama, don haka ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Noti sako-sako kuma a wurinsa ha'inci ne, in ya kama ka da shi ka shiga uku.

Aikin da nake nufi ya zo a mugunyar shekara, saura shekara guda a karɓi mulkin kai. Damina ta yi nauyi ƙwarai. Hanyar Gusau ba duka ke da kwalta ba, in anka yi ruwa sai a sa shinge a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska. Kayan gyara kuwa daga Kano suke tasowa, su biyo jirgi su sauka Gusau, su zauna jiran motar da za ta kawo su. A shekarar nan abin da ka aika a sayo maka farkon damina, sai ka ci sabon gero bai iso ba. Fakin da ake sa wa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don tare mai, da kwali muke yanka shi, tiyo kuwa mu naɗe shi da tsumma da waya mu yi addu'a.

Cikin wanga hali Malam Buhari mai ƙiraga ya aiko da lorinsa, wata tsohuwar motar soja da ya saya a gwanjo, wadda ke kai masa fatu da ƙiraga bakin jirgi. Tana zubar da baƙin mai ta gaba, fanka tana watsa shi ko'ina. Direban yana ƙara mai a kowane zango, ransa a hannu kada inji ya buga a daji.

Kun dai san wurin. Hancin karanshaf, babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ta tsakiyar murfin taimin yake leƙowa waje. Bayan murfin mai ne ke wanka. A kan hancin ake zura fuli, faifan da ke jan fambel, wato bel ɗin fanka, sil kuma yana zaune a ramin murfin ya rungume wuyan fuli don kada mai ya fito. Munka sauke lagireto, tankin ruwan da ke gaban inji, munka zare fuli, munka kwance murfi. Sil na wancan zamani ba roba ba ne. Zoben gwangwani ne da fata a cikinsa, da wata 'yar waya mai tsuke fatar. Ta wannan motar ta bushe ta tsattsage, sabo kuma babu ko a mafarki. Maigida ya jujjuya shi a hannu ya yi dariya, ya dube ni.

“Ashe hwata ta! A Sakkwato za a ce hwata ta gagare mu? Haliru, ɗauki wanga da fulin ka kai ma Baba Altine.”

Baba Altine baduku ne a rumfar dukawa cikin kasuwa, dattijo, ya girmi Maigida nesa ba kusa ba. Guga da salka yake ɗinkawa. A lokacin ba motar da za ta kama hanya ba salkar ruwa rataye a gefenta, kuma kusan duk direbobin garin tasa suke saye, don an san salkar Altine ba ta yoyo. Da wannan sunan yake ci da gidansa. Bai taɓa shiga mota ba, amma tambayoyin da ya yi mini ranar nan ko Maigida bai taɓa yi mini irinsu ba. Mi ke juyawa, fatar ko ƙarfen? Man da zafi yake zuwa? Daga wane gefe yake turowa? Ya zaɓi ƙirgi na gadon baya, ya sa masassaƙi ya fere masa itace daidai kaurin wuyan fuli, ya jiƙa fatar ya ɗame ta a kai har kwana biyu. Da na karɓo ta, wallahi ta fi ta Turawa kyau. Munka buɗe bakin gwangwanin munka zaunar da ita, ta kwana cikin mai.

Ni na mai da murfin, don lokacin hannuna ya faɗa. Na tsaya gaban inji, na tallafe shi da hannun hagu, na tura shi har ramin dama ya samu, na yi bisimilla na ɗaure notin tamau, na zagaya sauran. Da na zo zura fuli sai ya ƙi shiga da daɗi. Na sa katako na bi shi da guduma. Maigida yana kallo ya ce sabuwar fata ce, haka take yi.

Kwana huɗu motar ta dawo daga Gusau gabanta baƙi ƙirin. Munka ce wataƙila kaurin fatar ne bai yi ba. Baba Altine ya sake wata, na sake ɗaurawa yadda na saba. Wannan ko Gusau ba ta kai ba ta fara ɗiga.

Nan Malam Buhari ya zo da kansa, ya wanke Maigida tas a gaban mutane, ya ce da ya san haka ne da ya jingine motarsa ya jira kayan Kano. Maigida ba ya shanye irin wannan. Ya tsire sil ɗin a bakin sukundireba, ya nufi kasuwa, ina biye da shi. Ranar kuwa direbobi sun cika inuwar da ke kusa da rumfar dukawa suna jiran lodi. Ko sallama bai ƙarasa ba, kuma “Baba” ɗin ma ya yar da shi.

“Altine, ɗanyar jima ka ba ni! Hwatar da ta kasa tare mai cokali guda, ita ka ka ɗinka ma mutane salka su shiga daji da ita?”

Direbobi sunka kwashe da dariya. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu ya ce, “Bar man ita nan.” Shi ke nan abin da ya faɗa.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako biyu na ga direbobi da idona suna wuce rumfarsa suna sayen salka a gaba. Wani ma ya mai do masa wadda ya saya, ko ruwa bai zuba mata ba. Mutum ya shekara arba'in yana gina suna, munka rushe masa shi da sukundireba guda, na ji kunya ƙwarai.

Amma ba kunya kaɗai ke cina ba, har da son sani. Fatar farko da tsohon ya yi mana tana aljihuna, ban yar ba. In na samu sarari sai in fiddo ta in yi ta kallo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in fata ce ba ta da kyau, ai ko'ina ya kamata ta mutu. Wannan kuwa gefe guda ya ƙone ya yi baƙi, ya siɗe kamar ganye, ɗaya gefen yana nan da kaurinsa kamar ba a taɓa sa shi a mota ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ba ma buɗe gareji, na tafi wurinsa na durƙusa na miƙa masa.

Ya jawo ta biyun daga ƙarƙashin tabarma, ashe shi ma kallonta yake ta yi. Ya haɗa su, ya ce in rufe ido in shafa. Iri ɗaya sak.

“Ɗana, in mutum ya kawo man takalmi, gehe guda ya cinye gehe guda sabo, ba majemi ni ka zargi ba. Tahiyar mai shi ni ka dibi. Ina son in ga yadda ku ka sa ta.”

Na ce, “Baba, Maigida fa.”

“Ka ce mai zan yi ta ukku, in kawo da kaina. In na gani da idona, kuma ta sake zuba, na yarda laihin hwata na. In aje basilla, ba ni ƙara ɗinka ma kowa salka.”

Na kai saƙo. Maigida ya yi tsaki, amma sil ɗin Kano bai zo ba, mota kuma tana zaune, dole ya ce to.

Ranar da tsohon ya zo, ya yi sallama, ya gai da Maigida kamar ba abin da ya faru, ya gai da Malam Buhari, ya tattare rigarsa ya tsuguna gaban inji. Ya ce in yi yadda na saba, kada in canza komai. Na tallafe, na tura, na ɗaure dama, na zagaya. Na ɗauko fuli da guduma ke nan ya ce in dakata. Ya tsinci wani siririn kara a ƙasa, ya fere shi da wuƙarsa, ya zura tsakanin fata da hancin karanshaf ta hannun dama. Karan ya shige har yana rawa. Ya zaro ya kai hagu, karan ya cije. Ya sake, ya sake, sannan ya miƙa wa Maigida. Maigida ya gwada sau uku. Gani ya kori ji.

“Kwance su kaɗan,” in ji tsohon. Na sassauta notunan. Ya kama murfin da hannu biyu ya girgiza, sai ga shi yana motsi, sama da ƙasa, dama da hagu, kamar faɗin ƙwayar gero. Ramukan notunan sun fi notunan faɗi, abin da na gani sau ɗari ban taɓa kawo shi a komai ba.

“To, Malam Jabbi, tun da shina da wurin motsi, wa ka gaya mai ina na tsakiya?”

Maigida ya ce ai akwai 'yan turaku biyu a jikin inji da murfi ke zama a kansu, su ke tsai da shi. Ya kai hannu zai nuna masa, ya shafa, ya sake shafawa. Babu. Wanga inji ba a yi shi da su ba. Duk motocin da munka saba gyarawa suna da su, shi ya sa ɗaurinmu bai taɓa tona mu ba. A nan kuwa ni ke tura murfi dama in kulle shi a can, fuli ya zo ya murƙushe fatar hagu, dama ta saki baki mai ya bi. Da sil ɗin Kano ya zo ma haka za mu kashe shi.

Baba Altine ya ce, “Ni ban san mota ba. Amma in zan ɗinke bakin guga ga zobenshi, ba ni jan gehe guda in ƙare shi. Kamu ni ka yi wuri huɗu sako-sako, hwata ta nemi mazauninta, kanan in bi in tsuke kaɗan-kaɗan. Ku bar murhin sako-sako, ku sa abin ga mai juyawa tukuna. Shi ya san wurin zamanshi, murhi shi bi shi.”

Maigida ya ce, “Watau in bar dama ke nan?”

“Wa ya ce ka bar dama? Hwara da ita. Amma gaishe ta za ka yi, ba kokawa ba. Ka taɓa ta kaɗan, ka ƙetara ka gai da wadda ke kallonta, ka dawo.”

Haka munka yi. Na sa notunan da yatsa kawai. Na shafa mai a wuyan fuli da bakin fata, na zura shi ina ɗan murzawa, sai ga shi ya shige da hannu, guduma na kwance a ƙasa. Maigida ya sa handul ya juya inji a hankali, ni na kafa wa murfin ido. Ku ji abin mamaki, a juyi na farko na ga murfin ya ɗan gusa da kansa, ya koma hagu kaɗan ya tsaya. Ƙarfe ya nuna wa ƙarfe wurin zama! Na ce a sake juyawa don in ƙara gani, amma bai sake motsi ba, ya riga ya samu wurinsa. Har yau in na zo wanga wuri sai na tsaya na kalla, bai taɓa gundurata ba. Maigida ya karɓi sifana da kansa, ya yi bisimilla, ya ɗan taɓa na dama, ya ƙetara hagu, ya hau sama ya sauko ƙasa, zagaye uku kafin su ɗauru.

Munka mai da lagireto, munka kai motar Dundaye munka dawo. Malam Buhari ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin inji, munka zauna muna kallonsa har anka kira azahar. Ko ɗigo. Ta je Gusau ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, gabanta a bushe.

Maigida ya sayi goro mai kyau ya naɗe a ganye ya ce in kai wa tsohon. Baba Altine ya buɗe ya duba, ya naɗe ya mai do mini.

“Ka ce mai na gode. Amma ba cikin ganye anka ɓata ni ba.”

Kwana uku Maigida yana jifa da sifanu yana neman wanda zai yi wa faɗa. A na huɗu ya wanke hannu da toka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in biyo shi. Sai dai an kwana ana ruwa, an sa shinge a hanya, direbobi duk suna can a tsare. Rumfar dukawa ba kowa sai dukawa biyu da wata tsohuwa mai cinikin guga. Duk da haka Maigida ya durƙusa a gaban tabarmar, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ta wancan karon.

“Jama'a ku shaida. Abin da na hwaɗi bisa hwatar Baba Altine ƙarya na yi mai. Hwatarshi ba ta da laihi, ɗaurina na ya karkace. Baba, ka yahe man.”

Tsohon ya kama hannunsa ya tashe shi. “Na yahe ma tun rannan, Malam Jabbi. Amma dibi nan, mutum nawa ka gani? Waɗanda sunka ji ta hwarko direbobi na. Sun kai ta Gusau, sun kai ta Argungu, sun kai ta inda ni da kai ba mu taɓa zuwa ba. Wagga wa za shi kai ta?”

Maigida ya dubi rumfar da ba kowa. Sannan ya ce, “Ni za ni kai ta. Ni da Haliru. Duk wanda ya shigo garejina, ba shi hita sai ya ji ta.”

Kuma ya cika. Direba ya zo ko iska zai sha a taya, sai Maigida ya tsare shi ya ba shi labarin tun daga farko, har da wurin da ya yi ƙarya, ba ya ragewa. Wasu sunka koma rumfar tsohon. Wasu ba su koma ba, don mugun labari ya fi mu sauri, kuma ya riga mu tashi. Bayan mulkin kai sil na roba ya fara zuwa a kwali, ba a ƙara neman baduku a gareji ba. Baba Altine bai daɗe ba ya rasu, cinikinsa bai gama komawa yadda yake ba. Maigida ya ci gaba da faɗa har ranar da ya kasa fitowa gindin durumi. Allah Ya jiƙansu duka.

Yanzu saura ni. Ban san ko akwai sauran mai rai a cikin waɗanda sunka yi dariya ranar nan ba, amma ba a ce mini in daina ba. To ga ta na kawo muku, ku shaida: fatar Baba Altine ba ta da laifi, mu munka ɗaure a karkace.